Ciki ba tumbi kaɗai bane, a riƙa nuna wajen da yatsa

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikatan wannan jarida, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ɗan fili nake roƙo inyi magana akan wani abu da na daɗe ina lura dashi a wajen mutane, kuma ba wai waɗanda basuyi makaranta ba kaɗai har da masu digiri, wato yadda muka ɗauki ciki a matsayin abu guda ɗaya, in yayi ciwo shikenan an yanke hukunci olsa ce, in ba olsa ba tsutsa ce, babu na uku. Ni malamin bayoloji ne ba likita ba, saboda haka ba magani zan rubutawa kowa ba, abinda nake so kawai mai karatu ya san ina cikin nan ya fara, ina ya tsaya, su waye a cikinsa, a jikin mutum da kuma jikin dabba, dan wallahi rashin sanin wannan ɗan abin yana sa mutane zama a gida da ciwon da ya kamata ace tun jiya an kaisu asibiti.

Ciki dai a ilimin sassan jiki shine wannan ramin dake tsakanin ƙirji da ƙugu. Ta sama akwai wani faffaɗan nama da ya rabashi da ƙirji, likitoci suna ce masa dayafaram, huhu da zuciya na samansa sauran kaya na ƙasansa, kuma shine yake yin yawancin aikin numfashi, in ka ja iska sai ya sauko ya danna kayan ciki ƙasa shi yasa kake ganin cikin jariri na hawa da sauka yana barci, in kuma ya fizga da kansa ba da izininka ba itace shaƙuwa. Ta ƙasa cikin ya gangara har mara inda ƙashin ƙugu ya tare, ta baya akwai ƙashin baya da naman dake jikinsa. Ta gaba fa? Babu ƙashi ko ɗaya, tsoka ce kawai hawa-hawa da kitse da fata. Kaga kai an sa masa ƙoƙo, ƙirji an sa masa haƙarƙari, amma ciki an barshi a sake saboda dole ya buɗe in an ƙoshi, ya lanƙwasa in za'a sunkuya, ya ɗauki jariri har wata 9 a wajen mata. Illar kuma itace bashi da kariya, mutum zai iya yin hatsari ko a bugeshi a ciki ka duba babu ko ƙwarzane a waje amma saifa ko hanta ta fashe jini na zuba ta ciki, yana zaune yana magana har ya fara jiri da gumi mai sanyi.

Abinda mutane da yawa basu sani ba shine wannan dayafaram ɗin ba a shimfiɗe yake ba, a tanƙware yake yayi sama, in ka fitar da numfashi yana kaiwa kusan saitin kan nono. Ma'ana wani babban ɓangare na ciki a ƙarƙashin haƙarƙari yake ɓoye. Duk sanda nace wa ɗalibai kowa ya ɗora hannu akan tumbinsa sai kaga aji guda an dafe cibiya, wasu ma har ƙasan cibiya, alhali tumbi yana can sama ta hagu, rabinsa a bayan haƙarƙarin ƙasa. Inda suka dafe ɗin nan ƙaramin hanji ne a nannaɗe, tsawonsa wajen mita 6, sai babban hanji da ya kewayeshi shi kuma kamar mita 1 da rabi, ya taso daga ƙasa ta dama ya hau sama ya tsallaka hagu ya sake gangarowa. Tumbin da muke ɗorawa laifin komai ɗan abu ne in babu komai a cikinsa, in ya cika daidai misali baifi lita 1 zuwa 1 da rabi ba, kuma yawancin amfanin abinci ma ba anan jiki yake tsotsarsa ba, a ƙaramin hanji ne.

Ta sama a dama hanta ce, ita tafi kowa girma a wajen, a babban mutum takai kilo 1 da rabi, a ƙarƙashinta matsarmama ke maƙale, wasu suce maɗaciya. Saifa na ta hagu can baya kusa da tumbi. A bayan tumbi akwai fankiriyas a kwance, shi mutane basu cika saninsa ba amma shine yake yin insulin ɗin da masu ciwon suga ke fama da rashinsa ko rashin aikinsa. Ƙoda guda biyu suna can baya sosai gefe da gefen ƙashin baya, shi yasa ciwonsu a kwiɓi da baya ake jinsa. A mara akwai mafitsara, mata kuma ga mahaifa da ma'ajiyar ƙwai da bututunsu. Sannan babbar jijiyar jinin da ta fito daga zuciya ta tsakiyar cikin nan ta sauko kafin ta rabu biyu zuwa ƙafafu, siririn mutum in ya kwanta rigingine zai iya jin bugunta a saman cibiya, wasu sai su tsorata suce wani abu na motsi a cikinsu. Toh kaga gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, in akaji ihu daga ciki sai an tambaya ɗakin wa.

Shi yasa likita baya gamsuwa da cikina ke ciwo, sai yace nuna min wajen. A wajensu sun raba ciki gida 4, layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa ɗaya a gicciye sun haɗu a cibiya, wani lokacin ma gida 9 suke rabashi. Wani in an tambayeshi sai ya shafa cikin duka da tafin hannu, wani kuma ya ɗora yatsa ɗaya a waje guda yace nan, kuma wannan bambancin kaɗai labari ne a wajen likita. Dalili kuwa, kayan ciki basu da irin jijiyoyin dake fata masu faɗa maka takamaiman inda ƙaya ta sokeka, nasu ciwon a dunƙule yake zuwa, murɗawa ce kawai a tsakiya. Amma akwai wani siririn tantani da ya shimfiɗe bangon cikin ta ciki, shi yana da ji sosai, da zarar kumburi ya taɓashi sai ciwon ya tsaya cak a waje ɗaya.

Afendis ne yafi nuna wannan. Ɗan guntun abu ne mai tsawon yatsa a maƙale da farkon babban hanji a ƙasa ta dama, in ya kumbura ciwon a kewayen cibiya yake farawa, mutum ya daina son abinci, tashin zuciya, ɗan zazzaɓi, bayan wasu awanni sai ciwon ya tattara ya koma ƙasa ta dama, tari ya zama wahala, in mota ta faɗa rami sai yayi ƙara, tafiya ma a duƙe. Wani likitan tiyata ɗan Amurka Charles McBurney shi ya bayyana wajen da yafi zafin a 1889, in ka ja layi daga ƙashin ƙugun da ya turo ta gaba a dama zuwa cibiya, kashi ɗaya cikin uku daga ƙashin, har yau da sunansa ake kiran wajen. Wanda ya san wannan tafiyar ciwon daga cibiya zuwa dama bazai kwana uku yana shan maganin olsa ba. Kuma abin ba ruwansa da talaka ko mai mulki, Sarkin Ingila Edward na 7 saura kwana 2 a naɗa masa kambi a watan Yuni na 1902 dole aka ɗage bikin aka yi masa tiyata saboda afendis, sai a watan Agusta akayi naɗin. In aka barshi ya fashe ƙazantar hanji ce zata watsu a ramin cikin gaba ɗaya, cikin yayi tauri ya ƙi taɓuwa, wannan kam ba'a jira gari ya waye. Haka taifod in tayi nisa ba'a magance ba tana iya huda ƙarshen ƙaramin hanji, yawanci a sati na uku, sakamakon iri ɗaya ne.

Sauran ma kowa da salon nasa. Tsakuwar matsarmama ta sama a dama take kamawa, sau da yawa bayan anci abu mai maiƙo, har ya harba zuwa kafaɗar dama ta baya. Tsakuwar ƙoda daga kwiɓi take tasowa ta gangaro mara, mai ita baya iya zama waje ɗaya sai juye-juye, saɓanin mai fasasshen hanji da baya son ko motsi. Mace da ta ga batan wata sannan taji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ga jiri ko ɗan jini, dan Allah kar a tsaya shawara, yana iya zama cikin a bututu ya zauna ba a mahaifa ba, in ya fashe jinin da ake zubarwa ta ciki yana kisa cikin awanni. Akwai ma wanda ba na cikin bane sam, ciwon toshewar jijiyar zuciya wani lokacin a saman ciki ake jinsa kamar ƙwannafi, musamman dattawa da masu suga, da gumi da nauyin ƙirji, mutum yana ta neman yin gyatsa.

Ita olsar ma da muke ta kira, ba'a fahimceta ba. Gyambo ne na gaske a bangon tumbi ko farkon ƙaramin hanji, kuma manyan masu jawoshi guda biyu ne, wata ƙwayar cuta mai suna H. pylori da kuma yawan shan magungunan kashe zafi irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac. Likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ƙwayar a farkon shekarun 1980, aka ƙi yarda dasu saboda kowa ya tafi akan damuwa da yawan asid ne, har shi Marshall ya kurɓi ƙwayar da kansa a 1984 yayi rashin lafiya dan ya nuna, a 2005 aka basu kyautar Nobel. Yanzu ana gwajinta ana kasheta da magani. Abin takaicin shine sai kaga mai ciwon ciki ya haɗiyi diclofenac dan ciwon ya lafa, wato abinda ke cin bangon tumbin shi ya ƙara masa. Aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo, ko amai ba tsayawa ga ciki ya kumbura babu bayan gida babu iska, ko rama babu dalili tare da ciwon da yaƙi tafiya, duk waɗannan na asibiti ne kai tsaye. Ƙaba ma haka, hanji ne ke turowa ta inda bangon ciki yayi rauni, a cibiya ko gefen mara, muddin tana komawa in an kwanta akwai lokacin shiryawa tiyata, ranar da taƙi komawa tayi tauri tana zafi ga amai hanjin ne ya shaƙe. Ta cibiyar jarirai dai yawanci da kanta take rufewa kafin shekara 4 zuwa 5.

Mu da muka zo a zamanin sikanin bamu san gatan da muka samu ba. A da buɗe cikin mutum kusan hukuncin kisa ne, duk da tun tuni akwai masu ƙoƙari, Al-Zahrawi likitan Andalus da ya rasu wajen 1013 yayi bayanin ɗinke raunin ciki a littafinsa Al-Tasrif, yana amfani da zaren da akayi da hanjin dabba wanda jiki ke narkarwa da kansa. Amma sai da aka samu maganin sa barci a 1846, sannan Joseph Lister ya kawo tsarin kashe ƙwayoyin cuta a wajen tiyata a 1867, kafin aikin ciki ya zama abinda ake shiga da sa ran fitowa.

Toh bari in koma kan dabbobi dan anan ne abin yafi bani sha'awa. Duk dabbar dake shayarwa tsarinta ɗaya da namu, dayafaram a gaba, ƙugu a baya, kayan ciki a tsakani, sai dai yawancinsu nasu a rataye yake a ƙasa tunda da ƙafa huɗu suke tafiya. Bambancin yana wajen abinda kowa ke ci. Saniya da tunkiya da akuya, masu tuƙa kenan, ana cewa tumbi huɗu garesu, gaskiyar magana tumbi ɗaya ne mai ɗaki 4. Na farkon shine ƙaton, a babbar saniya yana ɗaukar sama da lita 100 kuma shi ya cinye kusan duk ɓangaren hagu na cikinta, a ciki ƙananan halittu ne birjik suke ruɓar da ciyawa, dan ita saniyar da kanta bata da sinadarin narkar da ita. Na biyu mai gida-gida irin na saƙar zuma, na uku mai shafi-shafi yana tsotse ruwa, na huɗun shine mai asid irin namu. Ɗan maraƙi sabon haihuwa na huɗun ne babba a wajensa, nonon da ya tsotsa ta wata 'yar hanya yake wucewa can kai tsaye, sai ya fara cin ciyawa sannan na farkon ya buɗe. Raƙumi yana tuƙa shima amma nasa ɗaki 3 ne.

Sanin wannan yana da amfani ga duk mai kiwo. Ruɓar ciyawar nan iska take fitarwa mai yawa, dabbar na fitar da ita da gyatsa a kai a kai, in gyatsar ta tsaya, misali ta cika ciki da ɗanyen ganye sabon tsiro ko ta samu hatsi taci ba ƙaƙƙautawa, sai kaga kwiɓin hagu ya taso, wannan ramin dake gaban ƙashin ƙugu ya cike har ya fi ƙashin baya tudu, fatar ta ɗame in ka ɗan buga da yatsa kaji amo, dabbar ta buɗe ƙafafu ta miƙa wuya tana numfashi da baki. Abinda ke kasheta numfashi ne, tumbin ya danne dayafaram huhu ya rasa wajen buɗewa, shi yasa likitan dabbobi ke zura roba ta baki ko in abin yayi tsanani ya huda ta hagun, ba dama ba. Shi kuma ɗaki na biyu dab da zuciya yake, dayafaram ne kawai tsakaninsu, saniya bata tantance abinda take haɗiya, in ta haɗiye ƙusa ko guntun waya can yake faɗawa, yana iya hudawa har ya taɓa jakar zuciya, har maganaɗisu ake haɗiyar musu ya zauna a wajen yana kama ƙarafa. Leda kuwa taruwa take a babban ɗakin ta dunƙule, dabba nata ramewa ga ciki ƙato.

Doki ciyawa yake ci amma shi wata hanyar ya bi, tumbinsa ɗaya ne kuma ƙarami in aka duba girmansa, a can babban hanji yake ruɓar da ciyawar, wannan wajen da ɗan afendis ɗinmu ke maƙale a jikinsa a doki jaka ce da ta haura mita 1. Bashi da matsarmama, kuma baya iya amai, abinda ya shiga sai dai ya wuce gaba, shi yasa ciwon ciki na daga cikin manyan abubuwan dake kashe dawaki, in kaga doki yana waigen kwiɓinsa yana tona ƙasa da ƙafa yana son birgima ba wasa yake ba. Tsuntsaye kuma basu da dayafaram irin namu da ya raba ƙirji da ciki, kuma tunda babu haƙori ƙundu ne ke niƙa, da taimakon 'yan tsakuwoyin da suke tsinta.

A wajen ƙwari kuwa cikin a fili yake kowa na gani, jikinsu kashi 3 ne, kai da ƙirji da ciki, ƙafafu 6 da fukafukai duk a ƙirji suke, wannan na bayan mai gaɓa-gaɓa shine cikin. In ka kama fara ka duba gefen cikinta da kyau zakaga 'yan ƙananan ɗigo a jere, ta nan take numfashi ba ta baki ba, zakaga cikin na ɗan matsewa yana saki, kuma kunnenta ma a gaɓar farko ta cikin yake, ƙarƙashin fiffike. Zuciyarsu doguwar jijiya ce ta bi ta gadon baya, igiyar laka kuma ta ƙasa, wato an juya namu tsarin. Ƙudan zuma a ƙarƙashin ciki yake fitar da kaki, ƙarinsa na ƙarshen ciki, in ya harbi mutum ƙarin ya maƙale a fata ya fizgo wani ɓangaren kayan cikinsa, mutuwarsa kenan. Sarauniyar gara cikinta ke kumbura ya ninka sauran jikinta nesa ba kusa ba har ta kasa tafiya, aikinta zuba ƙwai kawai. Macen sauro in ta samu waje a hannunka ka ƙyaleta na ɗan lokaci zakaga siririn cikin nan yana cika yana yin ja, kuma a bangon tumbinta ne ƙwayar maleriya ke girma kafin ta wuce zuwa miyaunta, Ronald Ross ne ya fara ganin haka a Indiya a watan Agusta na 1897 da ya feɗe cikin sauro a ƙarƙashin madubin likita.

Gizo-gizo da kunama ba'a lissafasu cikin masu ƙafa 6, su 8 garesu kuma kai da ƙirji a haɗe suke. Zaren gizo-gizo daga ƙarshen cikinsa yake fitowa. Ita kuwa kunama abinda muke kira wutsiya cigaban cikinta ne, hanjinta ya bi ta ciki har kusan ƙarshe, mafitar bayan gidanta na nan dab da ƙarin.

Roƙona Malam Edita, a shafinku na lafiya ku samu mai zane ya zana mana cikin mutum babba da sunayen kayan da Hausa kowanne a mazauninsa, wanda malami zai iya yankewa ya manna a aji, sannan in da hali ku gayyato likitan dabbobi yayi mana bayani akan kumburin ciki a awaki da shanu da abinda mai kiwo zai yi kafin taimako ya iso. Nagode da wannan fili, Allah ya bar zumunci.

Naku,
wani malamin bayoloji mai bibiyar jaridarku